Shekarar da Murjani Ya Mutu

Ranar kasuwar Dutsin-Ma da ta wuce ina zaune a rumfar masu banda ina ɗinkin wata koma da kututture ya yaga, sai na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa abokinsa cewa su, wato kamun kifi, ai ba sana'a ba ce, Allah ne ya zuba kifi a ruwa, kai naka ɗiba. Ban tanka ba, don zare yana bakina. Amma maganar ta biyo ni har gida. Tun da yau iska ta hana mu shiga ruwa, kuma ga ku zaune, bari in gaya maku abin da na gani a wannan sana'a, ku auna da kanku.

Sunana Haruna. A Birchi aka haife ni, cikin ƙasar Kurfi, gidan da ba a san komai ba sai gero da dawa da wake. Na-Teku da kuke kirana da shi, daga baya ya samo asali, za mu zo wurin. A gidanmu ko iyo babu wanda ya iya. Sai da aka tare ruwa a Zobe, dam ya cika, Sarkawa suka fara zuwa daga wajen Yawuri da jiragensu, sannan muka san ana iya cin abinci daga ruwa shekara duka. Wani rani bayan an gama sussuka na zo nan neman aikin ƙarfi, ina dakon kwandunan kifi daga bakin ruwa zuwa mota. A nan Baba Ɗanjuma ya gan ni. Basarke ne, dogo, marar yawan magana, babban yatsansa na hagu ƙugiya ta taɓa ratsa shi ya warke a karkace. Ya tambaye ni ko ina son in koyi aiki ko dako ya ishe ni. Na ce ina so.

Wata uku ban taka jirginsa ba. Aikina narka dalma a cikin tsohon gwangwani, in zuba ta a ramukan da muka yi a ƙasa, in ta huce in daddale ta a bakin birgi, wato komar nan ta jifa. Daga nan sai ɗinki. Ƙulli ɗaya ya koya mani, na yi ta yinsa har sai da na iya shi ido rufe. Idan na kawo mashi inda na ɗinke, ba ya dubawa, yatsa yake sawa ya ja. In ƙullin ya zame, sai ya miƙo mani kawai ya ci gaba da abin da yake yi.

Jifan birgi ma a tudu na koye shi. Yakan zana da'ira a rairayi da filafili, ya ja baya, ya ce in jefa. Ana so koma ta buɗe a sama kamar faifai, ta sauka gaba ɗaya, dalmar ta taɓa ƙasa lokaci guda. Tawa kuwa sai ta tafi a naɗe kamar an wurga tsumma. Matan da ke wanki a gefe har sun saba, da sun gan ni na rataya koma a kafaɗa sai su tsaya kallo. Ranar da ta fara buɗewa sosai, Baba Ɗanjuma bai yaba ba. Ya ce gobe in zo da sassafe, mu shiga.

Shekara biyar na yi a ƙarƙashinsa. Ya koya mani kallon ruwa: inda ya yi duhu, inda yake ɗan motsi alhali babu iska, inda tsuntsaye ke shawagi. Ya koya mani kafa mamari, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, don tarwaɗa, da inda kurungu ke kwanciya, da yadda ake riƙe shi kada ƙayarsa ta shige ka. Yana da doka guda wadda ba ya sassautawa: komar da idonta bai ɗauki yatsa uku ba, ba ta hawa jirginsa. Cewa yake wanda ya ci ɗan kifi ya ci abincin baɗi.

Abin da ya fitar da ni daga nan niyyar aikin hajji ce ta ƙasa, yadda mutanenmu ke yi a da, ana tafe ana aiki ana ƙara guzuri. Na bi ta Chadi na shiga Sudan, wata wajen bakwai a hanya, har na isa bakin Bahar Maliya. A nan guzuri ya ƙare. Aka ce mani in gangara wata unguwar masunta da ke gefen babban garin da tashar jiragen ruwa take, akwai Hausawa.

Na tarar da wani dattijo yana fama da birgi a ruwa iya gwiwa, yana neman ƙananan kifin da ake yin koto da su, masu kama da ƙawara. Kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sosai, komar ba ta buɗe mashi. Na yi sallama da Hausa, ya amsa da Hausa, amma wata irin tsohuwar Hausa gauraye da Larabci. Na ce ya ba ni in gwada. Jifa ɗaya na cika mashi rabin garwa. Ya dube ni ya dubi garwar, ya tambaye ni ɗan ina ne. Da na ce ƙasar Katsina, sai ya ce kakansa ma daga can ya taso da ƙafa, bai koma ba. Sunansa Baba Usman. Shi ne maigidana na biyu, kuma wurinsa na yi shekara tara. Hajjin na yi shi a shekara ta huɗu, na dawo na ci gaba da aiki.

Jirginsa ɗan ƙarami ne, suna ce mashi huri, bai kai manyan kwale-kwalenmu ba, ga ɗan tanti na kama iska. Kayan aiki kuwa ba su da yawa: zaren roba naɗe a katako, ƙugiyoyi, tarin duwatsu, da wata garwa da aka cire gindinta aka liƙa gilashi. Wannan garwa ita suke kira madubi. Fitarmu ta farko, muka yi tafiyar da ba ta kai daga nan zuwa tsallaken dam ba, sai ya sauke tanti, ya miƙo mani garwar, ya ce in kifa ta a ruwa in leƙa in ga murjani.

Ni da na san murjani, a wuyan mata na san shi, jajayen duwatsun nan da ake jerawa a zare. Abin da na gani a ƙarƙashin jirgin ba shi da kama da wannan. Wani daji ne a cikin ruwa. Wani ya yi rassa kamar ƙahon barewa, wani shimfiɗe kamar faifai, wani dunƙule kamar an kifa ƙwarya mai zane. Akwai ruwan ƙasa, akwai rawaya, akwai mai bakin shuɗi. Kifi kuwa kamar ranar kasuwa, masu launin da ko a atamfa ban taɓa gani ba, suna shiga suna fita. Ruwan garau, mutum zai ƙirga tsakuwa a zurfin gaba biyar. Na daɗe a kife har sai da wuyana ya ƙage.

Na ce, "Baba, wannan itace ne ko dutse?"

Ya ce, "Mai rai ne. Dutsen gidansa ne. In ya mutu gidan ne ke saura."

Ya yi mani bayani a hankali, a ranar da kuma kwanakin da suka biyo. Wasu 'yan halittu ne ƙanana, ba su kai ƙwayar gero ba, su ke zaune a fatar dutsen, su ke gina shi kaɗan-kaɗan. Ya nuna mani wani dunƙulalle da ya kai girman rumbu, ya ce tun yana bin mahaifinsa ya san shi, kuma a duk tsawon rayuwarsa abin da ya ƙaru bai wuce kamu ɗaya ba. Abin da suke so bai da yawa: ruwa mai tsabta, da hasken rana ya riƙa isa gare su. Kifin da muke kamawa duka a nan ake haifarsu, a nan suke ɓuya, a nan suke kiwo. Shi ya sa a jirginsa ba a jefa anga a kan murjani. Sai an leƙa da madubi an sami fili mai rairayi, ko da za a yi ta kewaya rana tana duka.

Kamun najil shi ne babban aikinmu. Kifi ne ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, yana zama a bakin kogo, kuma shi ya fi daraja a kasuwa. Ga yadda ake yi. Ka sa koto a ƙugiya, ka ɗora a kan dutse kamar dunƙulen hannu, ka ƙara 'yan gutsattsarin kifi, ka naɗe da zaren, ka yi ƙullin zarge. Sai ka saki. Idan dutsen ya kai daidai bakin kogon, ka fizga, ƙullin ya kwance, dutsen ya wuce ƙasa, koton ya watsu. Da najil ya hadiye, ba ka da lokacin ko bisimilla ta biyu. In ka bari ya juya ya koma kogonsa, ya buɗe kunnuwansa ya toƙare, to kai da shi sai dai zare ya tsinke a kaifin dutse. Hannuwan nan nawa, duk layukan da kuke gani na wannan zaren ne. Akwai kuma harid, mai baki irin na aku, wanda ke yini yana kankare gansakuka daga jikin murjani. In ka sa kunne a katakon jirgi kana jin ƙarar cinsa, ƙus-ƙus, kamar akuya a kan ƙaiƙayi. Baba Usman ba ya son a yawaita kama shi. Ya ce shi ne mai sharar gidan.

Mai sayen kifinmu wata mata ce, Hajiya Sa'adiya, tana da rumfar suya a bakin hanya inda direbobin manyan motoci ke tsayawa. Ba ta taɓa karɓar kifi ba tare da ta buɗe kunnensa ta sansana ba, ko da a gabanta aka fito da shi daga ruwa. Tana da faɗa, amma ba ta sauya mutum. In teku ta yi fushi kwana uku ba mu fita ba, sai ta aiko mana da abinci gida, ta ce kada mu mutu ta rasa najil.

Ita ce ta fara ganewa, kafin mu da ke kan ruwan. Wajen shekarata ta shida, wata rana ta sansana kifi ta ajiye shi gefe, ta ɗauki wani ta ajiye. Ta ce warin kananzir suke yi. Baba Usman ya ji haushi, ya ce a jirginsa ko inji babu, ina kananzir zai fito. Ta ce ita ba ta ce daga jirginsa ba ne, amma hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Gaskiyarta. Gari ya yi ta girma yana matsowa, aka ja wani babban bututu da ke kwaso ƙazamin ruwan unguwanni yana zubarwa arewa da mu, kuma igiyar ruwa wajenmu take kawo shi. Manyan jirage da ke jiran shiga tasha suna wanke tankunansu, da safe sai ka ga ruwa yana ƙyalli da launi-launi, bakin gaɓa kuma dunƙulen kwalta na manne wa mutum a ƙafa. Aka zo ana cike wani gefen gaɓa da ƙasa don gini, ruwan ya yi wata da watanni kamar kunu. Madubin da ke nuna mana gaba biyar ya koma da ƙyar yake nuna biyu. Laka ta riƙa kwanciya a kan murjani kamar toka. Gansakuka kuwa ta sami taki, ta yi ta haihuwa tana hawa kansa. Ga leda. Leda in ta naɗe reshe, bayan kwana kaɗan ka cire ta, wurin ya yi fari fat, ya mutu.

Kada ku ɗauka laifin na manya ne kaɗai. Mu ma muna ciki. Masu inji a cikinmu in sun juye baƙin mai, a ruwa suke tuntsurar da shi. Ni kaina na yi nawa, kuma shi ne aikin da ya fi tsaya mani a rai cikin shekarun nan tara.

Da najil ya fara ƙaranci, sai na sayi komar roba irin ta shimfiɗawa, na ɗinka mata igiya da hannuna, na ari jirgin maƙwabci na kafa ta a gefen murjani ba da sanin Baba Usman ba. Iska ta juya, komar ta hau kan rassa ta sarƙe. Na ja, na ja, ta ƙi. Sai na sa wuƙa na yanke igiyar, na kwashe abin da ya biyo ni, na bar sauran a ƙasa. Na ce a raina teku ce, za ta cinye. Bayan mako biyu muna wucewa ta wurin, Baba Usman yana kife a kan madubi, sai na ga ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya miƙo mani garwar. Komar tana nan, tana ta aikinta ba mai ita. Kifi sun maƙale sun ruɓe, wasu sun zo cin su sun maƙale su ma. Ga wani kunkurun ruwa babba, ƙafarsa a ciki, ya daɗe da mutuwa. Duk inda igiyar ruwa ta ja komar ta kakkarya rassa, fili guda ya zama kamar gonar da shanu suka kwana a ciki.

Ya san ɗinkina, don ni ke gyara mashi birgi. Bai tambaye ni ba. Ya ciro wuƙa daga kugunsa ya ba ni.

Ya ce, "Wadda ka yanke da ita ta fi wannan kaifi, na sani. Amma yi haƙuri da wannan."

Kwana uku ina nutso. In cika ƙirji da iska, in sauka, in yanka ido biyar ko shida, in taso. Murjani yana da kaifi kamar fasasshiyar kwalba, kuma yankansa ba ya warkewa da wuri, ruwa yake yi. Baba Usman yana zaune a jirgi yana karɓar guntayen yana tarawa, ko zare ɗaya bai bari ya koma ruwa ba. A kwana ukun nan ba mu kama kifin sayarwa ba, bai kuma sake ambaton maganar ba har muka rabu.

Mummunar shekarar ita ce ta takwas. Zafi ya zo wanda tsofaffi suka ce ba su saba da irinsa ba, iska ta ɗauke, ruwan saman teku ya zama kamar wanda aka ɗumama don wankan jego. Cikin 'yan makonni murjani ya fara fari. Ba reshe ɗaya ba, duka. Ka leƙa da madubi ka ga kamar an watsa ƙasusuwa. Baba Usman ya ce ya taɓa ganin haka sau ɗaya yana saurayi, kuma da sanyi ya shigo launin ya dawo, don haka mu yi haƙuri. Muka yi haƙuri. Sanyi ya shigo. Masu manyan jirage da ke zuwa can nesa, tafiyar yini guda, suka dawo da labarin cewa nasu ya fara farfaɗowa. Namu bai dawo ba. Can ruwan mai tsabta ne, zafi kaɗai ya dame shi. Namu kuwa zafin ya tarar da shi da ciwo a jiki, shekara da shekaru yana shan dagwalo. Farin ya koma ruwan toka, gansakuka ta rufe shi kamar bargo. Harid suka watse, najil ya ɓace. Sai mu yini mu dawo da abin da bai fi na miya ba.

Unguwar ta fara watsewa. Masu ƙarfi suka shiga manyan jirage masu inji da ƙanƙara, ana kwana huɗu biyar a teku. Wasu suka koma dako a tasha. Hajiya Sa'adiya ta koma sayen kifin ƙanƙara, tana soyawa tana mita. Ni ma na shiga babban jirgi, na yi shekara guda. Na roƙi mai jirgin ya ɗauki Baba Usman ko don sanin ruwa da yake da shi, ya yarda. Baba Usman ne ya ƙi. Ya ce shi wuri ɗaya ya sani, ya san shi kogo-kogo, ba zai je ya zama baƙo a ruwan wasu da furfurarsa ba. Ya ja huri ya kife a tudu, ya koma gyaran komar mutane a inuwarsa.

Wata Juma'a bayan an sauko ya ce in taimaka mashi mu tura jirgin. Muka je daidai dunƙulallen nan mai girman rumbu. Ya ce in sauka in ɗebo mashi reshe ɗaya daga gefensa. Abin da a da yake yanka hannu, na taɓa shi ya ɓalle ba wuya. Na kawo mashi. Ya murza shi a tafin hannu, ya marmashe kamar busasshen tuwo. Ya wanke hannunsa a ruwa.

Ya ce, "Haruna, ruwan garinku yana da rai?"

Na ce, "Da na baro shi yana da rai, Baba."

Ya ce, "To me kake jira a nan?"

Bayan wata biyu na kamo hanya, da na iso gida kuma aka laƙaba mani Na-Teku. Labarin rasuwarsa ya same ni a Birchi, shekara biyu da dawowata, ta bakin wani alhaji da ya biyo ta can. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba Ɗanjuma, wanda shi ma ban tarar da shi ba.

Da na dawo na tarar da dam yana nan, kifi yana nan, sai dai noman rani ya kewaye bakin ruwa: tumatir, tattasai, albasa. Alheri ne, mutane sun samu. Amma noman rani da feshi yake tafe. Ƙanena Mamman, wanda muke ciki ɗaya, yana da fadama a bakin wani lungu inda rafi ke shigowa. Wannan lungu kuwa nan karfasa ke yin gida. In ruwa ya fara ɗumi za ku ga ramuka zagaye a rairayin da bai kai gwiwa ba, kamar an danna ƙwarya, nan suke zuba ƙwai. Wata safiya na zo wucewa na ga 'ya'yan kifi fari fat a bakin lungun, sun juya ciki sama, har da kwaɗi. Na ɗaga kai, ga Mamman tsugune yana ɗauraye injin feshinsa, ga robobin magani a yashe cikin ciyawa.

Na yi mashi magana a matsayin wa da ƙane. Ya ce shi ba kifi ya zo kashewa ba, kuma ba shi kaɗai ke yi ba, kowa a nan yake wankewa, in ba nan ba ina ruwa yake. Na sake yi mashi magana bayan mako guda, a gida, gaban mahaifiyarmu. Ya ce na je yawon duniya na dawo ina koya wa mutane zama a garinsu. Karo na uku ban je wurinsa ba, wurin sarkin ruwa na je. Aka tara masu fadamar lungun, aka kira sunan Mamman a gaban jama'a, aka ce ɗan'uwansa ne ya kawo ƙara. Na san abin da hakan ke nufi kafin in je. Damina guda da rani guda Mamman bai taka ƙofata ba. Ranar sunan ɗiyarsa a bakin mutane na ji. Mahaifiyarmu ta ce na zaɓi kifi na bar jini.

Sai dai a zaman nan na sarkin ruwa wani manomi ya faɗi gaskiya. Ya ce hana su wanki a lungu ba wuya, amma a nuna masu inda za su yi. Na kwana biyu ina juya maganar. Sannan na ɗauki diga da shebur na hau tudu, nesa da ruwa, inda ƙasa ke da tauri kuma ba hanyar kwararar ruwan sama ba ce. Na haƙa rami iya ƙirji, na zuba gawayi da tsakuwa a ƙasansa, na kewaye da ƙaya saboda dabbobi da yara. Na kafa tsohuwar ganga a gefe. Kullum kafin in shiga ruwa sai in yi sawu huɗu da jarka in cika ta. Masu fadama suka yi ta dariya, suna cewa Na-Teku ya zama ɗan garuwan injin feshi. Amma mutum in ya tarar da ruwa a ganga kusa da gonarsa, ba zai gangara lungu ba. Ɗaya ya fara, biyu suka bi. Ba duka ba, har yau akwai masu yi a ɓoye, kuma leda tana nan tana shigowa da kowace ambaliya, ku ma kuna fitar da ita a komarku. Ban ce an gyara ba. Amma shekara ta biyu karfasa suka dawo lungun, muka kuma yi shawara tsakaninmu masunta ba mai jefa koma a wurin sai 'ya'yan sun watse.

Mamman shi ne na ƙarshe. Yakan ɗauki injinsa ya tafi da shi gida ba wanki, don dai kada a ce ya yi amfani da ramina. Wata rana da hantsi ina juye jarka a ganga, sai na ji tafiya a bayana. Shi ne, inji a goye. Bai yi mani sallama ba, ni ma ban ɗago ba. Ya sauke, ya ɗebi ruwa, ya ɗauraye sau uku yadda ake yi, ya juye a ramin. Ya tsaya yana kallon ciki.

Ya ce, "Yaya, ramin nan naka ya kusa cika."

Na ce na gani.

Ya ce, "Ƙasar can gefen tsamiya ta fi wannan tauri. Gobe in na gama ban ruwa zan zo da diga. Kai ka kawo shebur."